Tambayoyi da Amsoshi a Kan Littattafan Koyon Rera Waƙa da Gyaran Murya

Shekaru ke nan ina zama da masu son gyara murya a nan Zariya: yaran Islamiyya masu waƙen walimar sauka, 'yan bege, matasan da ke sintirin situdiyo a Sabon Gari, mawaƙan coci, har da wani ladan da ya riƙa zuwa bayan Isha'i don kada a ce ya koma mawaƙi. Tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne, kuma rabinsu a kan littafi suke. Ga su nan na tara, yadda ake yi mini su.

Malam, wai ana iya koyon rera waƙa daga littafi?

Ana iya koyon rabi. Littafi zai gaya maka yadda Allah ya gina maƙogwaro, ya ba ka atisaye, ya hana ka abin da zai kashe maka murya. Amma ba shi da kunne. In ka kauce daga kari, ko kana matse wuya kana jin kamar daidai kake, shafin ba zai ce maka uffan ba.

Wani yaro daga Tudun Wada ya taɓa zuwa mini da wani dirkeken littafi da ya yi wa hoto a shago, an ɗaure shi da zare, gefen shafukan duk ya cika su da jan biro. Wata huɗu yana karantawa. Na ce ya ja numfashi. Sai kafaɗunsa suka tashi har kusa da kunnuwa, jijiyar wuyansa ta fito raɗau. Na ce ya kwanta rigingine a kan tabarma, na ɗora masa littafin a kan cibiya, na ce ya numfasa har littafin ya ɗaga ya sauka ba tare da ƙirji ya motsa sosai ba. Minti biyar ya gane abin da babi na biyu yake ta faɗa masa tun damina. Amfanin farko ke nan da littafin ya yi masa.

Akwai littafin gyaran murya da Hausa?

Littattafan Hausa da ke hannun mutane a kan waƙa na nazari ne. Suna koya maka sanin waƙa, ba fitar da ita ba. Duk da haka kada ka raina su. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya rubuta *Jagoran Nazarin Waƙar Baka* da *Makaɗa da Mawaƙan Hausa*, kuma a nan za ka san mene ne gindin waƙa, mene ne ɗan waƙa, yaya jagora da 'yan amshi suke raba aiki. Mawaƙin da bai san waɗannan ba kamar magini ne da bai san tubali ba.

Akwai kuma wani ƙamus na kiɗan Hausa da Turawa biyu, David Ames da Anthony King, suka fitar a 1971, *Glossary of Hausa Music and Its Social Contexts*. Ames a nan ƙasar Zazzau ya yi bincikensa, don haka Bazazzagi zai ci karo da kalmomin da kakanninsa suka yi amfani da su. Wanda kuma nake tura ɗalibaina gare shi kafin kowanne shi ne *Tsarin Sauti da Nahawun Hausa* na Farfesa M.A.Z. Sani. Ba don mawaƙa aka rubuta shi ba, amma a ciki za ka san hanƙa da ganɗa da hanɗa da tantanin maƙwallato, wato sassan baki da wuya masu fitar da sauti, ka san karin sama da na ƙasa da na faɗuwa. Da yawanku kun karanta shi don jarrabawa kun jefar. Ku je ku tono shi.

To su Shata wane littafi suka karanta?

Babu, kuma wannan tambayar yawanci malalaci ne ke yin ta. Makarantarsu amshi ce. Musa Ɗankwairo a bayan mahaifinsa da yayansa ya fara, yana karɓi, kafin ya zama jagora. Yaro zai yi shekaru yana maimaita gindin waƙa ɗaya sau ɗaruruwa a dare guda, kusa da muryar da ta fi tasa, kunnensa yana gyara masa baki. Wannan shi ne atisayen da littafi yake ƙoƙarin maye gurbinsa.

Ka lura da wata hikima a tsarin. Duk lokacin da 'yan amshi suka karɓa, jagora yana hutawa, ya haɗiye yawu, ya cika huhu. Shi ya sa Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, zai iya kwana yana waƙa a kan kalangu. Ɗan Maraya Jos da ba shi da 'yan amshi, kuntiginsa ne ke karɓa masa. Kai kuwa yau ka shiga situdiyo kai kaɗai, ka jera baiti a kan baiti ba wurin numfashi, sannan ka zo kana tambaya me ya sa muryarka ta dishe.

Wane littafin Turawa zan fara da shi?

Ya danganta da abin da ke damunka.

In atisaye kake so, ka nemi na Nicola Vaccai, ɗan Italiya, wanda ya fito a farkon shekarun 1830. Darasi 15 ne, kowanne da 'yar gajeriyar waƙa mai kalmomi, ana farawa da hawa da sauka mataki-mataki, sannan a koya maka tsallake. Na Giuseppe Concone darasi 50 ne ba kalmomi, wasali kawai kake ja. Dukansu sun tsufa har haƙƙin mallaka ya sauka daga kansu, ana samun su kyauta a rumbun IMSLP na intanet, kuma akwai kiɗan fiyano na rakiya a YouTube ga wanda bai iya karanta alamun kiɗa ba.

In kuwa sanin yadda murya ke aiki kake so, *The Structure of Singing* na Richard Miller, na 1986, yana cikin waɗanda malaman waƙa suke yawan ambata. Gaskiya yana da nauyi. Turancinsa na likitoci ne, kuma mai farawa zai iya nutsewa a ciki. Ni na fi ba malamai shawarar *The Diagnosis and Correction of Vocal Faults* na James McKinney, na 1982, saboda tsarinsa irin na asibiti ne: ga abin da kake ji a muryar ɗalibi, ga dalilinsa, ga magani. Malamar da ke shirya yara waƙen taron makaranta za ta fi cin moriyarsa.

Waɗannan biyun na ƙarshe a kan kafaɗar mutum ɗaya suke tsaye, Manuel Garcia, malamin waƙa ɗan asalin Sifen. A 1854 ya sa ɗan ƙaramin madubin likitan haƙori a can cikin bakinsa, ya haska da hasken rana ta wani madubin, ya ga tantanin maƙwallatonsa yana motsi yana cikin rera waƙa. Madubin da likitocin maƙogwaro suka daɗe suna leƙa wuyan mutane da shi, daga malamin waƙa ya samo asali. Ya rasu a 1906 yana da shekara 101.

Na bi atisayen, muryata ta ƙara ƙarfi, amma mutane sun ce Hausata ta koma ta baƙo. Me ya faru?

Madalla da masu gaya maka gaskiya. Wannan ita ce babbar illar bin littafin waje ido rufe, kuma a nan zan daɗe.

An rubuta waɗannan littattafai ne don mutumin da zai tsaya a ƙaton zaure, ba makirfo, ya ɗaga murya sama da ƙungiyar makaɗa masu yawa. Don haka suna koya masa ya buɗe baki a tsaye, ya ja wasali, har ya ɗan sauya shi idan ya hau sama. A Italiyanci kari ba ya sauya ma'anar kalma. A Hausa yana sauyawa. Kuka na hawaye gaɓoɓinsa biyu duk a sama suke. Kuka ta miya kuwa sama take farawa ta sauko. Idan raujin waƙarka, wato hawa da saukar sautinta, ya hau inda kalmar ke sauka, ka ce wani abu daban, ko kuma ka ce abin da ba Hausa ba. Haka tsawon wasali. Gari da muke zaune a ciki gajeren wasali gare shi, gari na tuwo dogo. Mawaƙin da ya saba jan kowane wasali don ya nuna zaƙin murya zai mayar da garin Zariya garin dawa.

Mawaƙan gargajiya ba su cika faɗawa wannan rami ba, domin daga kalmomin suke ciro raujin. Matasanmu kuwa sau da yawa mai fiyano ne ke fara buga kiɗa, wani lokaci na waƙar Indiya, sannan a cusa kalmomi a ciki kamar ana ɗura kaya a buhun da ya riga ya cika.

Sai kuma haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɓ da ɗ, da ts da 'y. Furta su yana buƙatar maƙwallato ya matse ko ya motsa, wato suna katse iskar da littafin ke ce maka kada ka katse. Babu babin da zai koya maka su. Wasu sukan gudu daga wahalar su mayar da ƙ ta zama k, sai ka ji "kauna" a wurin ƙauna. Wasu kuma su doke ta da ƙarfi har wuya ya gaji. Abin da nake sa ɗalibai shi ne su karanta baitin da baki, a hankali, kamar suna yi wa kakarsu magana, sau goma. Sannan su rera shi a kan sauti ɗaya ba hawa ba sauka. Sai a ƙarshe su ɗora rauji. Inda rauji ya yi faɗa da kalma, rauji ne zai ja da baya.

Don wannan aiki, ka sami rubutacciyar waƙa mai ingantaccen kari. Waƙoƙin *Imfiraji* na Malam Aliyu Namangi, ɗan garin nan, sun isa. Makaho ne, da kunne ya auna kowace gaɓa, kuma in ka bi ma'auninsa za ka ga wurin numfashi yana zuwa da kansa.

An ce littattafan tajwidi suna taimakawa. Gaskiya ne?

Bari in fara da abin da ya kamata: karatun Alƙur'ani ba waƙa ba ne, kuma ba don a iya waƙa ake koyon tajwidi ba. Amma baki ɗaya ne, harshe ɗaya. Wanda ya yi *Tuhfatul Aɗfal* mai baiti 61, ya wuce zuwa *Jazariyya* ya san mafitar haruffa 17, ya saba auna madda da tsayawa inda ya dace don kada numfashi ya yanke masa a tsakiyar kalma, to ya riga ya yi nisa. Ina gane irin waɗannan ɗalibai tun daga baitin farko. Haruffansu tsaf suke fita.

Ibnul Jazari, mawallafin *Jazariyya*, da kansa ya ce babu abin da ke tsakanin mai tajwidi da wanda ya bar shi sai horar da muƙamuƙi. Ban ga littafin waƙa na Turawa da ya faɗi abin da ya fi wannan ba.

Dole ne sai na iya do-re-mi?

Ba dole ba ne, amma yana rage wahala. Mawaƙan coci a Wusasa da Sabon Gari sun daɗe da wannan hanya ta rubuta sauti da haruffa, d r m f s l t, wadda John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19. Da ita ake raba muryoyi huɗu a allo da alli. Cikin mako kaɗan za ka kama ta, kuma za ka iya gaya wa mai fiyano abin da kake so maimakon "ɗan ƙara sama kaɗan, a'a ba nan ba". Sai dai waƙoƙinmu na gargajiya da yawa a kan sauti biyar suke yawo, da lanƙwasa da zamiya a tsakaninsu waɗanda haruffan ba sa kamawa.

Zuma da citta da kanumfari suna gyara murya?

Suna sanyaya maƙoshi, ina shan su ni ma. Amma ka san hanya biyu ce a wuya, ta iska da ta abinci. Tantanin da ke fitar da murya a bakin hanyar iska yake. Ɗan nama ne guda biyu, tsawonsu bai wuce faɗin ɗan yatsa ba da yawa, suna karkarwa kimanin sau 110 a daƙiƙa idan namiji yana magana, kusan ninki biyu idan mace ce. Duk abin da ka haɗiye ta ɗaya hanyar yake bi. Ranar da digon ruwa ya taɓa tantanin, ai ka sani, shi ne ƙwarewa. To zuma ba ta shafa shi. Abin da ke jiƙa shi ruwan da ka sha sa'o'i kafin nan ne, da tururi idan ka yi sirace da ruwan zafi zalla.

Ɗanyen ƙwai ka bar shi, ba abin da zai ƙara maka sai haɗarin ciwon ciki. Alewa mai sanyin mentol kuma ɓoye zafi take yi, sai ka ci gaba da dukan wurin da ke neman hutu. Mafi muni su ne ƙwayoyi da allurai da wasu ke saye a kemis daren biki don murya ta buɗe. Suna sassabe kumburi na ɗan lokaci, ka yi waƙa a kan rauni ba ka ji ba.

Kakata ta ce a kai ni wurin wanzami a cire mini beli, muryata za ta washe.

Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, amma a'a. Beli a sama yake, murya a ƙasa take fitowa. Cire shi ba ya ƙara zaƙi, kuma akwai haɗarin zubar jini da shigar cuta.

Yaya zan yi da hunturu da azumi?

Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar Zariya busasshiya ce, ga ƙura. Ka numfasa ta hanci idan ba waƙa kake ba, ka rufe baki da hanci a kan babur, ka yawaita ruwa, ka rage goro. Kada ka fara da sauti mai tsawo da sassafe. Kuma ka daina yawan kakari don share maƙogwaro, haɗa tantanin kake yi da ƙarfi. Kurɓi ruwa ya fi.

A azumi ka raba ruwanka tsakanin buɗa-baki da sahur maimakon ɗura shi lokaci ɗaya. Atisaye bayan Tarawihi ya fi na rana. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne kwanciya nan take bayan sahur mai maiƙo da yaji. Ƙwannafi yana taso da tsamin ciki har maƙogwaro, ka tashi da murya a shaƙe ka ɗora wa sanyi laifi. Ladanin da na ambata, wannan ne ciwonsa. Da ya koma zama bayan sahur har a yi Asuba, kiran sallarsa ya dawo.

Minti nawa zan riƙa yi a rana, kuma me zan yi?

Minti 15 zuwa 20 kullum ya fi awa uku ranar Asabar. Fara da gunji a hankali baki rufe, har ka ji leɓɓanka suna ƙaiƙayi. Sannan ka kaɗa leɓɓa kamar yaro yana wasan mota, kana hawa kana sauka. Sai ka ɗauki siririn bututun shan lemo, ka tsoma bakinsa kaɗan a ruwa cikin gora, ka rera ta cikinsa har ruwan ya riƙa ɓulɓula daidai ba yankewa. Masanin murya Ingo Titze na Amurka ya yi fice wajen yaɗa atisayen bututu, kuma dalilinsa shi ne iskar da ke komowa baya tana rage wa tantanin karo da juna. Bayan nan darasi ɗaya na Vaccai ko Concone, sai baiti biyu na Hausa.

Ka ɗauki kanka a waya, ka saurara washegari. Ba za ka ji daɗi ba, kowa ma haka ne, domin muryar da kake ji a kanka ta ƙashi take biyowa. Wadda ke cikin wayar ita duniya ke ji. In ka ji zafi, ka tsaya.

Malam, ni mace ce. A situdiyo kullum sai an sa ni in sirance murya in hau sama, in fito wuyana na ciwo.

'Yar'uwa, laifin ba na muryarki ba ne. An saita kiɗan ne daidai da namijin da kuke waƙar tare, ko daidai da wata murya ta fim ɗin Indiya da mai kiɗan ke ji a kansa. Ki ce ya sauko da kiɗan mataki ɗaya ko biyu. Maɓalli ɗaya ne a fiyanonsa. Ki saurari Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013. Da muryarta ta magana take waƙa a kan ƙwarya, cike da ƙirji, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba ta kai ba.

Tunda akwai Auto-Tune, me ya sa zan wahala?

Wannan shirin kwamfuta na situdiyo tun 1997 yake, kuma abu ɗaya ya iya: ya ja sautin da ya kauce ya mayar da shi kan layi. Ba ya ba ka numfashi, ba ya gyara ƙ, kuma ba ya bin ka filin biki.

Ɗana ɗan shekara 13 shi ne jagoran waƙe a makarantarsu, yanzu muryarsa tana karyewa. Ta lalace ke nan?

Ba ta lalace ba, Alhaji, girma ne ya zo. Maƙwallatonsa yana faɗaɗa, tantanin yana ƙara tsawo da kauri, muryar za ta sauka sosai kafin ta zauna. Ya ci gaba da rerawa a hankali inda ya ji sauƙi, kada a tilasta masa tsohon wurinsa don taron yaye ɗalibai ya matso. A ba wani yaron jagoranci, shi ya koma amshi. Kuma a ja wa 'yan ajinsu kunne kan dariya, don ita ce ke sa yara da yawa su rufe baki har abada.

Yaushe zan bar littafi in nemi likita?

Idan dishewar murya ta wuce mako uku ba ta tafi ba, musamman ga mai shan taba. Idan kuwa akwai jini a tari, ko ƙullutu a wuya, ko wahalar haɗiya ko ta numfashi, kada ka jira ko mako ɗaya. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro za ka nema, akwai sashensu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Kafin ka je ka rage magana, amma kada ka koma raɗa. Raɗa ma tana gajiyar da tantanin.

A ina zan sami waɗannan littattafai a Zariya?

*Tuhfa* da *Jazariyya* wurin masu sayar da littattafan addini a cikin gari da Tudun Wada, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Na nazarin Hausa ka duba shagunan littattafai na Samaru da Sabon Gari. Idan kai ɗalibin jami'a ne ko kana da wanda zai shige maka gaba, ka leƙa ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, ka kuma tambaya a sashen da ke koyar da harsunan Afirka, inda kundayen digiri a kan mawaƙa suke jibge suna shan ƙura. Na Miller da McKinney sai dai ka yi oda ko ka ba wa mai zuwa Legas ko waje saƙo, kuma da tsada. Ku haɗa kuɗi ku huɗu ko biyar ku sayi ɗaya ku riƙa karɓa-karɓa. Vaccai kuwa ka sauke a waya, ka buga darasi uku na farko kawai a shago. Za su riƙe ka wata biyu.